Yawan Ambato da Gaskiyar Bincike: Abin da Aikin Bert Vogelstein Ke Koya Mana

A shekarar 2003, wata cibiya da ke birnin Philadelphia a Amurka, wadda aikinta shi ne ƙirga yadda masana ke ambaton rubuce-rubucen junansu, ta fitar da lissafin shekara 20, daga 1983 zuwa 2002. Sunan da ya zo na ɗaya a duk fannonin kimiyya shi ne Bert Vogelstein, likita mai binciken ciwon daji a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore. A tsawon waɗannan shekaru, wasu masana sun ambaci maƙalunsa sama da sau 100,000. Duk wanda ya ji wannan adadi zai jinjina, kuma ya dace ya jinjina, domin ba a tara irinsa da wasa. Sai dai tambayar da ta kamata mai hankali ya yi ita ce, me adadin yake shaidawa? Amsar da zan kare a nan ita ce, yawan ambato shaida ce cewa magana ta yi nisa kuma an yi aiki da ita, amma ingancin maganar da amfaninta ga marar lafiya sai an buɗe aikin an duba. Rayuwar binciken Vogelstein ta isa hujja, domin a cikinta akwai inda adadi ya yi daidai da gaskiya, akwai kuma inda ya rufe ta.

Bari mu fara da yadda abin yake gudana. Idan mai bincike ya gama gwajinsa, yakan rubuta maƙala ya aika wa mujallar kimiyya, wasu masana su tantance ta kafin a buga. A ƙarshen kowace maƙala akwai jerin ayyukan da marubucin ya dogara da su, kuma kowane suna a wannan jeri ambato ɗaya ne. Eugene Garfield ne ya kawo shawarar tattara waɗannan ambato wuri guda a 1955, kuma a 1964 kundinsa ya fara fitowa. Babban nufinsa shi ne sauƙaƙa wa mai neman ilimi bin sawun wata magana, ya san waɗanda suka ɗora a kanta. Daga baya kundin ya zama sikeli. Aka fitar da ma'aunin tasirin mujalla, wanda ke nuna matsakaicin ambaton da maƙalunta na shekara biyu suka samu. A 2005 kuma wani masanin kimiyyar fiziks mai suna Jorge Hirsch ya ƙirƙiro ma'aunin da ake kira h: idan aka ce h ɗin malami 30 ne, yana da maƙala 30 da aka ambaci kowaccensu aƙalla sau 30. A yau waɗannan lambobi suna da hannu wajen ɗaukar aiki, ƙarin girma da rabon kuɗin bincike, kuma malaman jami'o'inmu sun san haka sarai, tun da ba a kai wa kujerar farfesa sai an ƙirga abin da mutum ya buga da inda ya buga shi.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna a zauren karatu. Malaman hadisi sun daɗe da bambanta shahara da inganci. Magana tana iya cika bakin jama'a, kowa yana jawo ta, amma idan aka bi isnadinta a tarar da rauni, har Imam Sakhawi ya rubuta littafi guda don tantance hadisan da suka shahara a harsunan mutane. Ba su raina yawan hanyoyi ba, sun ɗauke shi a matsayin abin da ke ƙara ƙarfi, amma ba su yarda ya ɗauke musu nauyin binciken masu ruwaya da duba matanin kansa ba. Ambaton kimiyya ma silsila ce, wane ya karɓa daga wane. Kwamfuta tana iya ƙirga sau nawa aka jawo suna, amma ba ta san ko an jawo shi don yabo ne, ko don raddi, ko don kawai kowa yana jawo shi.

Abin da ya sa sunan Vogelstein ya yi nisa yana da tushe mai ƙarfi. Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyin halitta, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai ƙwayoyin gado da aka rubuta a sinadarin DNA, su ne ke ba ta umarnin lokacin rabuwa da lokacin tsayawa. Ciwon daji yana tasowa idan wannan rubutu ya lalace, ƙwaya ta ci gaba da hayayyafa ba birki. Vogelstein, wanda aka haifa a 1949, ya karanta lissafi kafin ya shiga likitanci, ya zaɓi ya nazarci dajin babban hanji saboda wani dalili mai kyau: likitoci suna cire tsiron hanji a kowane mataki, daga ƙaramin ƙari marar illa har zuwa dajin da ya bazu, don haka ana iya jera su a ga abin da ya sauya daga mataki zuwa mataki. A 1988 shi da abokan aikinsa suka buga nazarin samfuri 172, suka nuna cewa lalacewar ƙwayoyin gado tana taruwa ne yayin da ƙarin ke girma. A 1990 shi da Eric Fearon suka tsara wannan fahimta a mujallar Cell: daji ba ya faɗowa rana ɗaya, kurakurai ne ke hawa kan kurakurai tsawon shekaru. Wannan ne ya ba da bayanin dalilin da ya sa cire ƙaramin tsiro da wuri yake hana mugun ciwo daga baya.

Labarin ƙwayar gadon da ake kira p53 ya fi kowanne nuna yadda kimiyya ke gyara kanta, da kuma yadda ambato ke iya bin kuskure. An gano furotin ɗinta a 1979 a ɗakunan bincike da dama, ciki har da na David Lane da Lionel Crawford a Landan da na Arnold Levine a Amurka. Kusan shekara 10 ana ɗaukar ta a matsayin mai ingiza daji, ana rubutu a kan haka, ana ambaton juna. A 1989 wata ɗaliba a ɗakin binciken Vogelstein, Suzanne Baker, ta nuna cewa a dajin hanji kwafi ɗaya na p53 ya ɓace, ɗayan kuma ya lalace, wanda shi ne halin ƙwayar da aikinta hana daji. Ashe birki ce, masu binciken farko da yawa suna aiki ne da gurɓataccen kwafi ba su sani ba. Yanzu an san cewa p53 ta lalace a kusan rabin dukkan ciwon dajin ɗan Adam. Wannan ilimi ya zo har ƙofar rumbunmu. A 1991 wasu rukunoni biyu na masana, ɗaya yana nazarin marasa lafiya daga Qidong a ƙasar Sin, ɗayan daga kudancin Afirka, suka gano cewa a dajin hanta p53 sau da yawa tana lalacewa a wuri ɗaya, gurbi na 249, kuma wannan tabo ne na aflatoksin, dafin da fumfuna ke zubawa a gyada da masara idan ba su bushe sosai ba kafin a adana su. Duk manomin da aka gargaɗa kan ruɓaɓɓiyar gyada, akwai wannan silsilar bincike a cikin hujjojin gargaɗin.

Hujja mafi ƙarfi a kan ingancin aiki ita ce ya kai ga gadon asibiti, kuma a nan ma akwai abin nunawa. A 1993 ɗakin binciken Vogelstein da Kenneth Kinzler, tare da wasu masana a wasu wurare, sun taimaka wajen gano cewa wani dajin hanji da ake gado a dangi yana faruwa ne saboda lalacewar ƙwayoyin da ke gyara kurakuran DNA. Ƙarin da ya rasa masu gyara yana tara kurakurai masu ɗimbin yawa, har ya zama baƙo a idon garkuwar jiki. A kan wannan tunani likitocin Johns Hopkins suka gwada maganin pembrolizumab, mai sakin garkuwar jiki ta yaƙi daji, suka buga sakamakon a 2015. A 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi ga duk dajin da ke da wannan lahani, ko a wace gaɓa yake, kuma shi ne karo na farko da aka amince da maganin daji bisa tabon gado maimakon gaɓar da ciwon ya kama. Shekara 24 ke nan tsakanin ganowa da magani. Haka kuma a 2008 rukunin ya gano lalacewar ƙwayar IDH1 a dajin ƙwaƙwalwa, kuma a 2024 aka amince da maganin da ke yaƙar dajin da ke da wannan lahani. Da babu wani kundin ƙirge a duniya, waɗannan ayyuka za su tsaya da ƙafafunsu.

Amma idan aka kwance ƙunshin ambaton nan, za a ga abin mamaki. Ɗaya daga cikin maƙalun Vogelstein da aka fi ambata ba ta gano komai game da daji ba. A 1983 shi da Andrew Feinberg suka bayyana wata dabara ta sanya wa gutsuren DNA alama don a iya bin sa a gwaji. Dabara ce mai amfani, dubban ɗakunan bincike sun yi aiki da ita, kuma kowane ya ambace ta, har ta tara ambato sama da 20,000. Lokacin da mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihi a 2014, tana cikinsu. Wadda ta zo ta ɗaya a jerin ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, kan yadda ake auna yawan furotin a ruwan gwaji, da ambato sama da 300,000. Maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA, ba ta shiga jerin ba. Dalilin a fili yake: ilimin da ya zama tushe yakan shige littattafan karatu, kowa ya san shi, a daina faɗin inda aka samo shi, kamar yadda ba wanda ke tambayar wanda ya fara haƙa rijiyar gari. Kayan aiki kuwa kullum ana ambaton su. Saboda haka kundin ƙirge yakan fifita mudu da sikeli a kan hatsin da aka auna da su.

Akwai kuma ambaton da gardama ke haifarwa. A watan Janairun 2015 Vogelstein da masanin lissafi Cristian Tomasetti suka buga maƙala a mujallar Science, inda suka kwatanta nau'in nama 31 na jiki, suka ce kusan kashi biyu cikin uku na bambancin haɗarin daji tsakanin gaɓa da gaɓa yana da alaƙa da yawan rabuwar ƙwayoyin asali, wato kurakuran da ke faruwa haka nan yayin kwafar DNA. Jaridu da yawa suka juya maganar, suka ce kashi biyu cikin uku na ciwon daji rashin sa'a ne. Cikin 'yan kwanaki hukumar binciken daji ta ƙasa da ƙasa da ke Lyon a Faransa ta fitar da sanarwar rashin amincewa. Masu suka sun nuna cewa alƙaluman na Amurka ne kaɗai, kuma ba a sa dajin mama da na mafitsarar maza ba, ga shi kuma saƙon na iya sanyaya gwiwar masu yaƙi da taba da ciwon hanta. Marubutan sun dawo a 2017 da bayanai daga ƙasashe 69 suna kare matsayinsu, kuma muhawarar ta amfani fannin. Abin lura dai shi ne, wanda ya yarda da wanda ya ƙi duk sun ambaci maƙalar, kuma a kundin ƙirge kowannensu ɗaya ne.

Mafi muni shi ne ambaton da ke taruwa a kan abin da bai tabbata ba. A 2012 Glenn Begley, wanda ya jagoranci binciken daji a kamfanin magunguna na Amgen, tare da Lee Ellis, suka bayyana a Nature cewa masanan kamfanin sun gwada maimaita manyan bincike 53 da ake ji da su, 6 kacal suka tabbata. Sun kuma nuna cewa wasu daga cikin waɗanda suka gaza an ambace su ɗaruruwan sau, an gina wasu ayyuka a kansu. An soki rahoton da cewa bai faɗi sunayen maƙalun ba, kuma sukar tana da tushe. Sai wani shiri na daban ya ɗauki aikin a bainar jama'a, ya zaɓi gwaje-gwaje 193 daga fitattun maƙalu 53 na ilimin daji. Bayan shekara 8, a 2021, gwaji 50 kawai daga maƙala 23 aka iya kammalawa, galibi saboda bayanan da aka buga ba su isa a maimaita aikin ba, kuma a waɗanda aka maimaita, matsakaicin ƙarfin sakamakon ya yi ƙasa da na asali da kashi 85 cikin 100. Waɗannan maƙalu an zaɓe su ne tun farko saboda yawan ambato da karantawar da suka samu. Gaza maimaita gwaji ba ya nufin an yi ha'inci, domin ƙwayoyin halitta suna da wuyar sha'ani, amma ya isa ya nuna cewa shahara ba ta tsaya wa sakamako lamuni ba.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai gaskiyar da ta daɗe ba a kula ta ba. A 1911 Peyton Rous ya nuna cewa ƙwayar cuta tana sa daji a jikin kaji, masana da yawa suka ɗauka abin kaji ne kawai, sai a 1966 ya samu kyautar Nobel, bayan shekara 55. Daga wannan ƙwayar cuta ce Michael Bishop da Harold Varmus suka gano a 1976 cewa ƙwayoyin gado masu ingiza daji asalinsu a jikinmu suke. A nahiyarmu, Denis Burkitt, likitan fiɗa a Kampala, ya bayyana wani daji mai kumbura muƙamuƙin yara a 1958, maƙalar ba ta ja hankali sosai ba a farko. Wata lacca da ya yi a Landan a 1961 ce ta sa Anthony Epstein ya nemi samfuri daga Yuganda, har a 1964 aka gano ƙwayar cuta ta farko da aka danganta da daji a ɗan Adam. A Ibadan ne aka raya ƙwayoyin wannan daji da ake kira Raji a 1963, waɗanda har yau ake aiki da su a ɗakunan bincike na duniya, kuma a can ne Victor Ngu, ɗan Kamaru, ya yi aikin maganin cutar da ya sa aka ba shi kyautar Lasker a 1972. Ambato yana bin inda masu rubutu suka yi yawa, masu rubutu kuma suna bin inda kuɗi yake. Wanda ya duƙufa kan cutar da ke addabar talakawan ƙasarsa zai samu 'yan kaɗan da za su ambace shi, ko da aikinsa ya ceci rayuka masu yawa.

Mai ja da wannan magana zai ce, to idan aka ajiye lambobi, me zai maye gurbinsu? Kwamitin ƙarin girma ba zai iya karanta dubban shafuka ba, kuma inda aka bar hukunci ga ra'ayin manya, sanayya da ubangida da ɓangaranci ne za su yi aiki. Lamba aƙalla ba ta san ɗan wane ba. Wannan hujja tana da nauyi, kuma duk wanda ya san yadda son kai ke danne matashi mai hazaƙa ba zai yi watsi da ita ba. Sai dai lambar ba ta kuɓuta daga hannun mutane ba. Da zarar aka san da ita ake rabon muƙami, sai dabaru su ɓullo: a yanka bincike ɗaya gida uku, a sa sunan wanda bai taɓa aikin ba, abokai su yi ta ambaton juna, a biya mujallun da ke buga komai don kuɗi. Ga kuma halin ɗan Adam na jawo sunan wanda ya riga ya shahara, don haka mai shi ake ƙara wa. Son kai bai fita ba, ya sake riga ne kawai. Shi ya sa a watan Disambar 2012, a taron masana ƙwayoyin halitta a San Francisco, editoci da masu bincike suka tsara sanarwar da ke kira da a daina auna mutum da ma'aunin mujallar da ya buga a ciki, a koma duba abin da aikin ya ƙunsa. Hanya mai sauƙi ita ce a nemi mai neman girma ya zaɓi ayyukansa biyar ko goma mafiya muhimmanci, ya bayyana abin da kowanne ya ƙara, masana daga wajen jami'arsa su karanta.

Wani kuma zai ce ai Vogelstein kansa ya ƙaryata ni, tun da wanda ya fi kowa ambato ya tabbata babban masani ne. Gaskiya ne cewa a ƙololuwa, bayan shekaru masu yawa, adadi da cancanta sukan haɗu. Amma mun san girmansa ne saboda wasu sun maimaita gwajinsa ya tabbata, an gina gwajin asibiti da magani a kansa, lambar ta zo ne a baya tana bin sawu. Ma'aunin da ke iya gane dutse daga tsakuwa ba lallai ya iya raba malamai biyu matasa da ɗaya ke da ambato 400 ɗaya 250 ba, alhali irin wannan hukunci ne ake yankewa kullum. Kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: sakamakon 1989 ya fito ne daga hannun Baker, Kinzler ya yi shekaru da dama yana jagorantar ɗakin tare da shi, amma kundin ƙirge yana ba duk wanda sunansa ke kan maƙala cikakken ambato ba tare da ya faɗi wanda ya yi tunanin da wanda ya kwana a kan gwajin ba.

Don haka idan aka ce maka wane masani ne da aka ambata sau dubu kaza, ka karɓi labarin da girmamawa, sannan ka ci gaba da tambaya. Me ya gano wanda ba a sani ba kafin shi? Wasu sun gwada sun samu abin da ya samu? Da aka nuna masa kuskure, ya gyara? Su wa ya horar, kuma ina aikin ya kai? Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. A binciken daji, man shi ne tsiron da aka cire kafin ya rikiɗe, da buhun gyadar da aka shanya da kyau saboda an fahimci abin da fumfuna ke yi wa hanta, da marar lafiyar da aka duba tabon ƙarinsa aka ba shi maganin da ya dace da shi. Jami'ar da ta koyi tambayar waɗannan abubuwa kafin ta buɗe kundin ƙirge ita ce za ta gane mai aikin ƙwarai tun yana ƙarami, lokacin da sunansa bai kai ko'ina ba kuma taimakonta zai fi yi masa amfani.